Sunan da Ɗantani Yake Jira

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Hutun makaranta ne, ba ni da 'yan ajin da zan yi wa faɗa, shi ya sa na ɗauko alƙalami zan yi wa takarda. Ita dai ba ta kai ƙara wajen kowa.

Ɗan Iya ba ya gidan nan tun waccan Juma'ar. Haka nake ce masa, ɗan Iya. Ni na haife shi, shi ne ɗan farina, amma ana yaye shi surukata Iya Delu ta ɗauke shi kamar yadda aka saba, kuma tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunansa ba. Shi ma Yaya yake ce mini. An yabe ni a kan haka har na ƙoshi. "Hussaina akwai kara," in ji matan unguwa. To, ga kara nan, sai in dafa ta in ci.

Abin da ya faru a ƙofar masallaci ba zan rubuta shi ba. Wanda ya gani ya gani. Abin da na sani, maigidana Malam ya shigo gida hularsa a hannu, fuskar nan kamar hadarin gabas, ɗan kuma bai shigo ba.

Abin da ya bar mana shi ne Ɗantani. Wani ɗan farin akwati ne da ya kafa bara a ginshiƙin rumfa, gaban ɗakin Iya, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa sosai, ya jona shi da sola. Shi ke kula da intanet ɗin gidan. Data guda ake saye duk wata, shi ke raba ta tsakanin layina da na Malam da na 'yata Bushra da ke aure a Yako da na ɗan Iya. In wannan kamfani ya ɗauke sabis ya koma wancan ba tare da an ce masa ba. Hausa kuwa fes, kamar mai karanta labarai. Iya ce ta raɗa masa suna, wai Ɗantani wani mutum ne a tsohon garinsu da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye, wanda in ka yi atishawa a ɗaka sai ka tarar da labarinta a kasuwa.

In ka ce masa "rahoto", sai ya lissafo layukan gida, wanda ya hau intanet da wanda bai hau ba. Da can ko ta kansa ba na bi. Yanzu kullum da safe sai na tsaya da tsintsiya a hannu na ce, "Ɗantani, rahoto, mu ji ko datar nan za ta kai mu wata." Ƙarya nake yi, ba ruwana da data. Yau ya faɗi sunan, shi da ba ya kunyar kowa, ya ce layin ya hau jiya da yamma ta wajen Doguwa.

Yana raye ke nan. Na ci gaba da sharata.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan azahar

Malam ya ji rahoton yau. Yana alwala a bakin rumfa aka zo kan layin, sai ya dire butar.

"Wato har yanzu daga aljihuna yake shan data? Kai, Ɗantani, cire layin nan."

Akwatin ya ce a faɗi sunan mai layin. Malam, wanda shi ma sunan nan bai cika fita daga bakinsa ba, yau ya faɗe shi tiryan-tiryan, har da na uba. Ashe fushi na buɗe bakin da kunya ta rufe.

Sai Ɗantani ya ce, "Na ji, Malam. Amma masu iko biyu ne a gidan nan. Umma, Malam ya ce a cire layi ɗaya. In kina so a bar shi, faɗi sunan mai layin. In ba ki ce komai ba har ƙarshen wata, maganar Malam ce za ta tsaya."

Ina zaune da faifai a cinya ina tsince shinkafa. Iya tana kan tabarmarta. Malam ya zuba mini ido. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar tsakuwar da babu ita.

"Kin dai ji," in ji Malam. "Shiru ma magana ce." Ya ɗauki butarsa.

In aka cire layin, shi ke nan, ba rahoto. Yaron ba ya ɗaukar kiran kowa daga gidan nan. Wannan 'yar kalmar ta "ya hau" ita kaɗai ce ta rage tsakanina da shi.

Talata, 12 ga Agusta, da safe

Ya sake tambaya. Ashe kullum zai riƙa tambaya, bayan rahoto.

Alhamis, 14 ga Agusta, da rana tsaka

Malam ya tafi gona, Iya ta yi barci. Na lallaɓa jikin ginshiƙi kamar mai satar nama a tukunya, ni da gidana. Na ce, "Ɗantani, a bar layin yaron nan."

"Babu layi mai wannan suna."

"Na ɗan Iya."

"Babu layi mai wannan suna, Umma."

"Na babban. Wanda ya kafa ka a nan, ɗan butulci!"

Ya ce yana ba ni haƙuri, amma don gudun kuskure, maganar cirewa ko bari sai da sunan da aka yi rajista da shi, kuma da muryata.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Ba kowa, kaji ne kawai a tsakar gida. Sunan ya ƙi fita. Ni da nake kiran sunan yara saba'in kowace safiya a aji, har da masu irin sunansa. Su ma ɗin, in gaskiya ake so, "mai sunan manya" nake ce musu in wuce.

Na koma ɗaka na kwanta. Wanda ya ƙera akwatin nan, Allah ya sani, uwarsa na kiran sunansa tun daga bakin ƙofa.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Doguwa har yanzu. Me yake ci a Doguwa? Wa ya sani a can? Da damina ga sauro, ga shi jikinsa ba ya son sanyi tun yana ƙarami. Wannan ma Iya ce ta gaya mini, ni ba a bar ni na san jikinsa ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da yamma

Ruwa tun asuba kamar da bakin ƙwarya. Sabis ya ɗauke. Ɗantani ya yi ta tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan yana ba mu labari, "Na koma layi na biyu. Shi ma ya faɗi. Zan sake gwadawa." Iya ta ce, "Kai dai ka huta, sarkin surutu." Ba rahoto yau.

Amma tambayar, da yake a cikinsa take, ba ta bukatar sabis. Ita ya yi ta.

Zaman ɗaka ya tuna mini ranar da aka kafa shi. Ɗan Iya ya hau kujera yana ɗaure wayoyi, ya ce kowa ya yi magana akwatin ya san muryarsa. Aka zo kaina, aka ce in faɗi sunayen mutanen gida. Na ce Malam, na ce Iya, na ce Bushra, na yi shiru. Ya sauko yana dariya, ya ce, "Yaya, saura mutum ɗaya." Na ce masa Allah ya shirye ka, na jefa masa murfin kwano. Ya ce, "Wata rana sai kin faɗa." Ya shigar da sunan da kansa.

Akwai abin da na lura da shi ran nan ban gaya wa kowa ba. Shi ya rubuta wa akwatin yadda zai kira kowa. Yaron da tun da ya iya magana Yaya yake ce mini, sai ga akwatinsa yana ce mini Umma. Na ji, na yi kamar ban ji ba. Ya kalle ni, na tashi na shiga madafa.

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

Sabis ya dawo. Ya hau. Alhamdu lillahi.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan magariba

Bushra ta zo daga Yako, mai babur ya sauke ta duk zanenta laka. Ko ruwa ba ta sha ba ta ja ni ɗaka.

"Umma, wai da gaske ne Baba ya sa a cire layin Yaya?"

Na ce ki tambayi ubanki.

"To ke me kika ce?"

Na ce me zan ce?

"Haba Umma! Kalma ɗaya ce fa. Ga wayarki ma, ta nan za ki iya faɗa, ba sai kin fita rumfa ba."

Kalma ɗaya. 'Yan zamani ke nan, ita da take kiran ɗanta na fari da sunansa a tsakiyar kasuwa, har da "zo nan, masoyina". Na ce mata ke ba ki san komai ba.

Ta ce mijinta ya ji cewa yayanta yana taimaka wa wani mai gyaran injin ban ruwa a can. Yana amsa mata saƙo jefi-jefi, gajere-gajere. Na so in tambaye ta ko ya tambaye ni. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ce ba.

Sai ta fara maganar da na hana kaina. Wai ai gaskiya ce ya faɗa, fadamar nan ta bakin dam da Baba ke son sayarwa ita ce kaɗai abin da aka ba su Iya a madadin garinsu, ba a sayar da irinta. Wai kuma bai ɗaga wa Baba hannu ba, hannun da aka ɗaga masa kawai ya riƙe. Na ce, "Rufe mini baki." A gaban jama'a, ranar Juma'a, riƙe hannun uba da ɗaga masa hannu duk ɗaya ne, kowa ya san haka. Na san haka. Ina kuma jin zafin sanin.

Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Juma'a, 22 ga Agusta, da safe

Na kama Malam. Alwalar da yake gamawa kafin ka ce kwabo, yanzu sai ta kai shi har ƙarshen rahoto. Yana wanke ƙafa ɗaya sau nawa ban sani ba. Da an ce layin ya hau sai ya yi gyaran murya ya miƙe. Da an zo tambayar kuma sai ya tsaya a bakin zaure, bayansa gare ni, wai yana gyara takalmi.

Ni yake jira. Ya yi rantsuwa a gaban mutane, ba zai iya lashe ta ba, yana so in buɗe baki in fitar da shi, gobe ya ce wa abokansa ai mata ne, kun san halinsu, ta fi ƙarfina. Shi ya tsira da girmansa, ni in zama wadda ta kira sunan ɗan fari a tsakar gida, ta kuma take maganar mijinta, duk a numfashi guda.

Ba zan yi masa ba. Shi ya ɗaura, shi zai kwance. Akwai sauran kwanaki kafin wata ya ƙare, mu ga wanda zai fara gajiya.

Asabar, 23 ga Agusta

Ya hau. An tambaye ni. Tuwon ya ƙone.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan azahar

Iya ta daina cin abinci sosai. Wuni take tana kiran sunan, ita da aka halatta mata. Har ta gwada da akwatin, ta ja jiki ta je gindin ginshiƙi ta ce a bar mata layin jikanta, ta faɗi sunan sau uku. Ɗantani ya ce, "Ki yi haƙuri, Iya, ba kya cikin masu iko." Ta ce, "Ni? Ni da na goya shi? Ubanka ne mai ikon!" Da a wani lokaci ne da na yi dariya.

Sai ta juyo kaina. "Ke Hussaina, wai bakinki ciwo yake? Faɗi mana. Wa zai ce miki wani abu?"

Na dube ta. Na daɗe ina dubanta.

Wa zai ce mini wani abu. Ita ce fa. Ina da jego, yaron nan ya yi ta tsala kuka a ɗakinta, nonona yana zuba, na kasa daurewa na shiga na ɗauke shi a gaban baƙi. Ta tafa hannu ta ce, "Jama'a, ku zo ku ga marar kunya, ta haifi abin da ba a taɓa haifa ba!" Aka yi ta shewa. Har waƙa 'yan matan gidan suka yi mini. Daga ranar na koyi wuce shi kamar ɗan maƙwabta. Ya faɗi ya fasa goshi, na kau da kai. Ya yi saukar Alƙur'ani, na zauna a madafa ina tuƙa wa baƙi tuwo. Ita ta ɗinke bakin nan da hannunta, zare bayan zare, yau kuma tana mamakin ba ya buɗewa.

Ban ce mata ko ɗaya ba. Na ce, "Iya, ga kununki yana hucewa."

Laraba, 27 ga Agusta, da safe

Malam ya tsaya a zaure har na ji tausayinsa. Na hana kaina. In ya ce wa akwatin ya fasa, ai shi ma kalma ɗaya ce.

Alhamis, 28 ga Agusta, da la'asar

Na gwada a ɗaka, ba da waya ba, ni kaɗai, fuskata cikin matashi. Ya fita. Da ƙyar, kamar mai koyon magana, amma ya fita. Ashe suna ne mai daɗi a baki. Ni ban zaɓa ba, ba a tambaye ni ba, amma mai daɗi ne.

Na yanke shawara. Zan ba Malam gobe, albarkar Juma'a, ko Allah zai taɓa zuciyarsa a masallacin da aka yi abin. In bai yi ba, Asabar zan faɗa. Lahadi ne ƙarshen wata, akwai lokaci.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan masallaci

Ya dawo, ya ci abinci, ya kwanta. Ko kallon ginshiƙin bai yi ba.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Na yi wanka, na sa sabon zane, ban san dalili ba. Malam yana bakin rumfa da butarsa, Iya tana kan tabarma, har maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi. Na ce bari ma ta tsaya, a yi ta a gama. Ban jira rahoto ba. Na tsaya a tsakiyar gida, na ɗaga murya yadda nake yi a aji.

Na ce, "Ɗantani, a bar layin Abdulmalik."

Maƙwabciya ta dafe ƙirji. Iya ta fashe da kuka. Malam ya sauke wata ajiyar zuciya da har daga inda nake na ji ta.

Ɗantani ya ce, "Umma, layin Abdulmalik ba ya cikin gidan nan. Mai layin ya cire kansa jiya da la'asar."

Na ce a mayar. Ya ce wanda ya fita da kansa, shi kaɗai zai iya dawowa.

Asabar ɗin dai, da yamma

Bushra ta zo ba a kira ta ba. Idonta ya kumbura. Ta miƙo mini wayarta.

Hoto ne yaron ya turo mata na fuskar wayarsa. Ashe da yake shi ya kafa akwatin, duk abin da Ɗantani ya yi a gidan nan yana zuwa masa a rubuce. Ba wanda ya tuna da haka, ni kuwa ban taɓa sani ba. Ga shi nan a jere, kowace safiya da layinta, tun daga ranar da Malam ya dire buta:

An tambayi Umma. Ba amsa.
An tambayi Umma. Ba amsa.
An tambayi Umma. Ba amsa.

Har ƙasan hoton. Ba a rubuta tsintsiyar da nake riƙewa ba. Ba a rubuta ranar da na lallaɓa jikin ginshiƙi ba, don wanda na roƙa a bari ba shi da suna a wajen akwatin. Ba a rubuta matashina ba. Duk macen da ke garin nan, in ta ga shiruna, ta san me ke cikinsa. Ɗantani bai sani ba, ya kwashe shi ya kai Doguwa tsirara, kullum da safe, yaron yana buɗe waya yana karantawa.

A ƙarƙashin hoton ya rubuta wa ƙanwarsa: "Na Baba bai dame ni ba, fushi ne. Ita nake jira. Na ga abin yana mata nauyi, na hutar da ita. Ki gaishe da Iya."

Na ce Bushra ta kira shi yanzu-yanzu, ni zan yi magana. Ta kira. Aka ce layin a kashe yake. Ta ce tun jiya haka ake ce mata, kuma mijinta ya kira mai gyaran injin, ya ce yaron ya yi masa sallama, bai faɗi inda ya nufa ba.

Malam yana tsaye a ƙofar ɗaki. Ya ce, "Da kin faɗa tun farko..." Na ɗago na dube shi, bai ƙarasa ba. Allah ya taimake shi da bai ƙarasa ba.

Litinin, 1 ga Satumba, da safe

Sabuwar data ta shigo. Ɗantani ya yi mana albishir, wai yanzu da yake layuka uku ne, kowa rabonsa ya ƙaru.

Alhamis, 4 ga Satumba, da hantsi

Labari ya zaga unguwa, Hussaina ta kira sunan ɗan fari da rana tsaka. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce boko ne. Su yi ta faɗa. Malam ya fasa sayar da fadamar, ban tambaye shi dalili ba, ba kuma na so in ji. Iya ta ce a cire akwatin nan a jefa a dam ya bi garinsu. Na ce duk wanda ya taɓa shi sai ya fara taɓa ni. Shi kaɗai ne ƙofar da yaron ya san hanyarta, in ya ga dama wata rana.

Abdulmalik. Abdulmalik. Ga shi a rubuce, hannuna bai karye ba.

Yanzu kullum da safe sai na tsaya da tsintsiyata, ko wa ke tsakar gida, na ce, "Ɗantani, Abdulmalik ya hau?"

Yau ma na tambaya. Ya ce, "Babu layi mai wannan suna, Umma."